Daga 8.6 zuwa 26: Hajiya ta ce jinina ya ƙaru

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 27, a cikin birnin Kano nake aure, yarana biyu, ƙaramin shekararsa ɗaya da rabi, yanzu kuma ina da cikin wata shida. Da na je awo aka ɗebi jinina, takarda ta fito an rubuta Hb 8.6. Nas ta ce jinina ya yi ƙasa, ta ba ni jajayen ƙwayoyi, ta kuma ce in zo da maigida ya ba da jini a ajiye saboda haihuwa. Ƙwayoyin suna tayar min da zuciya, bayan gidana ya koma baƙi, na tsorata na daina sha. Surukata da muke gida ɗaya dama ta ce maganin awo shi ke sa ɗa ya yi ƙato har a kai mutum ga tiyata. Da kuɗinta take saya min malt da madarar gwangwani, ga zoɓo kullum. Bayan kwana goma maigida ya taso daga shagonsa na yadi a Kantin Kwari ya kai ni wani ɗakin gwaji a unguwarmu, aka rubuta PCV 26. Hajiya ta yi ta murna, wai daga 8 jini ya hau 26. Maigida ya ce magana ta ƙare, ba sauran zancen ba da jini, dama tsoro yake ji. Amma ni har yanzu in na yi shara sai haki, in na miƙe sai jiri, zuciyata tana bugawa da sauri, ga kwaɗayin farar ƙasa da nake ci a ɓoye. In na yi magana a ce son jiki ne. Ƙanwarsa kuma ta ce ai don ni AS ce. Ranar awo ta kusa, ina jin kunyar gaya wa nas na daina shan magani, kuma ba na son in ƙaryata Hajiya don tana ƙaunata. Yaya zan yi?

Maman biyu, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan fara da abin da ba zai yi daɗin ji ba, tunda shi ya fi gaggawa: jininki bai ƙaru ba. Takardun nan biyu magana ɗaya suke yi. Hakin da kike yi da jirin da ke ɗibarki su ne masu gaskiya a gidan nan, kuma kin yi daidai da ba ki bari murnar mutane ta rufe miki kunne ba.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, a cikinsu kuma akwai himogulobin, wanda ake taƙaitawa da Hb a takarda. Shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki, har mabiyiyar da ke ciyar da abin da ke cikinki. Takardar asibiti ta auna nauyinsa ne, ta ce akwai giram 8.6 a cikin kowane mililita 100 na jininki. Ɗakin gwajin unguwa kuwa wata hanya ya bi. Kin ga lokacin da aka soki yatsarki aka zuƙi jini a wani siririn bututun gilashi, aka toshe bakinsa aka sa a injin da ke juyawa? Juyawar nan tana sa jajayen ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ruwan jinin mai launin rawaya ya tsaya a sama, sai a duba kashi nawa cikin ɗari jajayen suka cinye. Naki kashi 26 ne, shi ne PCV. A yawancin mutane PCV yakan ninka Hb sau uku. Ki ɗauki waya ki buga 8.6 sau 3, za ki ga 25.8. Maigidanki ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda sana'arsa ce: yadi ɗaya ƙafa uku ne, kuma in aka auna shadda aka samu yadi takwas da rabi da ɗan ɗoriya, aka sake aunawa aka ce ƙafa 26, ba wanda zai ce shaddar ta ƙara tsawo a hanya.

Ban ga laifin Hajiya ko na maigida a wannan ruɗanin ba. An miƙo musu takardu biyu ba bayani, suka ga ƙaramar lamba da babba, suka yi hamdala. Laifin ya fi karkata ga ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta a karɓi kuɗin mutum a ba shi takarda ba tare da an ɓata minti ɗaya an gaya masa abin da ke ciki ba.

To ina 8.6 ta tsaya? A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi ana son Hb ɗinsa ya kai 13, mace marar ciki 12, mai ciki kuma 11. A tsakiyar ciki, wato daga wata na huɗu zuwa na shida, ana yi mata rangwame zuwa 10.5, saboda a lokacin ruwan jini yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake, jajayen ƙwayoyin kuwa ba sa ƙaruwa da wannan saurin, sai lambar ta ɗan sauka ko a jikin mai lafiya. In an bi ma'aunin 11 ɗin, daga 10 zuwa 10.9 ƙarancin jini ne mai sauƙi. Daga 7 zuwa 9.9 matsakaici ne, nan kike. Ƙasa da 7 mai tsanani ne, shi ne inda ake fara zancen kwanciya da ledar jini. In da PCV za a yi magana, abin da ake nema miki shi ne 33 zuwa sama. Saboda haka ba ki kai inda za a ɗaga hankali ana salati ba, amma kin wuce inda za a ce a bari a gani. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Yawansa ne ma ya sa aka daina ganinsa a matsayin ciwo, mace ta ɗashe tana jan ƙafa a ce ai haka ciki yake.

Zancen son jiki kuwa, ki cire shi daga ranki. Idan abin da ke ɗaukar iska ya ragu, zuciya ce ke biyan bashin, ta ƙara sauri don ɗan abin da ya rage ya zaga jiki da yawa. Shi ne bugun da kike ji, shi ne hakin. Mace mai 8.6 da cikin wata shida da yaro ɗan shekara ɗaya da rabi a gindinta, in ta ajiye tsintsiya ta zauna, ba ragwanci ba ne.

Ban duba ki ba, kuma gano dalilin aikin likita ne, amma wasiƙarki ta nuna hanya. Cikin nan ya shiga ƙaramin yana da kimanin shekara guda, watau kwanika ce ko kusa da ita. Kowane ciki yana cinye ayon mai yawa, sinadarin ƙarfen da ɓargo ke buƙata don ya ƙera himogulobin, haihuwa kuma ta tafi da nata jinin. Jiki bai gama mayar da abin da ya rasa ba, sabon baƙo ya iso, shi kuwa ɗan tayi yana ɗibar rabonsa ko uwa tana da shi ko ba ta da shi. Kwaɗayin farar ƙasar nan ma sananniyar alama ce ta ƙarancin ayon, wasu ƙanƙara suke taunawa, wasu gawayi. Ki daina jin kunyarsa, amma ki daina ci, domin ƙasar tana riƙe ɗan ayon ɗin da ke cikin abinci ta hana hanji tsotsarsa, tana sa taurin bayan gida, tana kuma iya shigo da tsutsar ciki. Yawanci kwaɗayin yakan tafi da kansa in ayon ya dawo. Bayan wannan akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyi, kuma a jikin mai ciki yakan ɓuya a mabiyiya ba tare da zazzaɓi ya fito fili ba. Akwai tsutsar ciki mai tsotsar jini, akwai basir mai zubar da jini kaɗan kaɗan, akwai ƙarancin folik asid, wani bitamin da jiki ke buƙata wajen ƙera jini. Sau da yawa biyu ko uku ne suke haɗuwa a kan mace ɗaya.

Maganar ƙanwar miji gajeriya ce. Kasancewa AS, wato ɗaukar gadon sikila ba tare da ciwon ba, ba ya kawo ƙarancin jini irin wannan, masu AS jininsu yakan kai na kowa. Masu SS, wato masu ciwon sikila, su ne jajayen ƙwayoyinsu ke mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120, shi ya sa Hb ɗinsu yakan zauna tsakanin 6 da 9. Gwajin jinotayif yana faɗin irin himogulobin ɗin da mutum ya gada ne, gwajin Hb kuma yana faɗin yawansa. Abin da zan tambaya shi ne: kin san jinotayif ɗin maigida? Kun yi aure kafin dokar gwajin kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024, don haka mai yiwuwa ba a yi ba. In shi ma AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, sai a gwada yaran nan biyu a kuma gwada jaririn in ya iso. In AA ne, an rufe wannan babin.

Yanzu ga ƙwayoyin da kika ajiye. Baƙin bayan gida da suke sawa ba illa ba ne, ragowar ayon ɗin da jiki bai tsotsa ba ne yake fita, kuma kusan duk mai shan su yana gani. Da an gaya miki tun farko da ba ki tsorata ba. Tashin zuciyar da taurin bayan gida su kuma gaskiya ne, ba zan raina su ba, amma akwai dabarunsu. Wasu matan in sun sha da dare dab da kwanciya sai abin ya wuce suna barci. Wasu sai sun ɗan sa wani abu a ciki tukuna. In duk da haka ya gagara, likita yana iya rage yawan shan, ko ya mayar da shi yau a sha gobe a huta, ko ya canza wani iri. Abin da ake ba kowace mai ciki don rigakafi shi ne miligiram 30 zuwa 60 na ayon a rana tare da folik asid, mai ƙarancin jini kuma akan ƙara mata, don haka ki bi abin da aka rubuta miki, kada ki ƙara da kanki don ki rama kwanakin da suka wuce.

Abin da ake sha da shi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, kuma nan ne na fi jin takaicin al'adarmu. Da safe an haɗa shayi mai kauri da madara da burodi, sai a jefa ƙwayar a baki a kora da shi. Ganyen shayi yana ɗaure ayon, madara ma tana rage tsotsarsa, haka maganin ƙwannafi da ƙwayar kalsiyam. Ki sha da ruwa, ko ki bi ta da lemon zaƙi ko gwaiba, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ya ɗauka. Ki bar tazarar awa biyu tsakaninta da shayi ko madara. Sannan ki ɗaga ledar maganin can saman sif inda hannun yaro ba ya kaiwa. Jajaye ne masu santsi kamar alawa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa suna iya kashe shi.

In kina sha yadda ya kamata, ana sa ran Hb ya ɗaga da kimanin giram ɗaya cikin mako biyu zuwa huɗu. Kina da kusan mako goma sha biyu kafin haihuwa. Ki yi lissafin da kanki: lokacin ya isa ki kai 11 ko kusa da ita, in kin fara yau. In aka ƙara wata guda ana murnar 26, mai yiwuwa ba zai isa ba. Abin da ya sa nake matsa miki shi ne ranar haihuwa. Kowace mace tana zubar da jini a ranar, kuma in ya kai rabin lita an shiga abin da likitoci ke kira zubar jini bayan haihuwa. Mai 12 tana da abin da za ta jure da shi. Mai 8 abin da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka, ita yana iya kai ta ƙasa. Ƙarancin jini yana kuma ƙara haɗarin haihuwar bakwaini da jariri marar nauyi.

Wannan ya kawo mu ga Hajiya. Ki lura da abin da take tsoro: kada ɗa ya yi ƙato a yanka ki. Tsoron mai ƙauna ne, kuma wataƙila ta taɓa ganin wadda aka shiga da ita ɗakin tiyata ba ta fito ba. Sai dai ayon ba ya sa jariri ya wuce kima. Abin da ya fi kawo wannan shi ne ciwon sukari na masu ciki, da gado, da ƙibar uwa, kuma in ana maganar sukari, malt safe da yamma ya fi ƙwayar awo abin dubawa. Malt da madara suna ba da ƙarfi na ɗan lokaci saboda zaƙinsu, shi ya sa mutum yake jin kamar ya farfaɗo, amma ayon ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Zoɓo kuwa launinsa ne ya yi kama da jini, kuma mai ciki ba a son ta mayar da shi ruwan sha.

Kada ki je ki tsaya gabanta da takarda kina cewa an yi kuskure, musamman a gaban 'yarta. Ba za ta manta ba, ke ma ba za ki ji daɗin zaman ba. Ki bari gyaran ya fito daga bakin ma'aikatan asibiti ko daga bakin ɗanta. Ke naki shi ne ki same ta ita kaɗai ki ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri da ɗawainiyar da kike yi da ni. Har yanzu jirin bai sake ni ba, ina so ki raka ni awo ki ji abin da za su ce, don kin fi ni sanin abin da za a tambaya." Dattijuwar da aka girmama aka tafi da ita takan dawo ta fi kowa tsanani a kan shan magani. In ta yarda, ki damƙa mata ledar ƙwayoyin ta riƙa ajiyewa tana tuna miki. Kuɗin malt ɗin kuma a hankali ki karkatar da shi, ki ce kwaɗayin kifi kike yi, ko tsire, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a matsa masa lemon tsami. Ba wanda ke musu da kwaɗayin mai ciki. Ayon ɗin nama da kifi ya fi saurin shiga jiki, na wake da zogale da alayyahu da rama yana buƙatar ɗan tsami ko tumatir a kusa da shi. Alale, ƙosai, shinkafa da wake, duk suna da amfani kuma ba su fi ƙarfin aljihu ba. Hanta tana da ayon sosai, amma tana da bitamin A mai yawan da ba a so ga mai ciki, don haka kada a mayar da ita abincin kullum. Ki dai sani abinci shi kaɗai ba zai ɗaga 8.6 cikin wata uku ba, mataimaki ne ga maganin.

Maigida shi ne mabuɗin, kuma ina kyautata masa zato. Mutumin da ya bar shago ya kai ki gwaji da kuɗinsa ya damu da ke, ya dai samu amsar da ransa ke so ne ya riƙe. Ki bari ya ci abinci ya huta, yara sun yi barci, ki ajiye takardun biyu a gabansa ki ba shi wayar ya buga lissafin da hannunsa. Kada ki haɗa da zancen mahaifiyarsa ko ƙanwarsa, ki tsaya a kan lamba da abin da kike ji a jikinki. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, ya raka ki awo mai zuwa ya ji da kunnensa.

Tsoron ba da jinin ma a yi maganarsa a fili, don maza da yawa suna da shi ba sa faɗa. Abin da ake ɗiba kusan mililita 450 ne daga jikin da ke ɗauke da lita biyar ko kusa da haka. Ruwan yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin cikin 'yan makonni, kuma lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Ba ya rage ƙarfin namiji, in wannan ne abin da abokai suka raɗa masa. Kafin a ɗiba sai an auna nasa jinin, in bai isa ba ba za a taɓa shi ba. Wasu kuma abin da ke hana su shi ne sun san za a yi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau, suna tsoron sakamako. In kin fahimci haka ne, ki bi shi a sannu, sanin ya fi amfani gare ku duka da abin da ke cikinki. Yawanci ba jininsa za a sa miki kai tsaye ba, ana ajiye shi ne a ma'ajiyar jini a madadin wanda ya dace da rukuninki in buƙata ta taso. Shi ya sa in ya kasa, yayyenki maza ko ƙannensa ko abokansa na kasuwa za su iya tsaya masa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk wanda ya taɓa yawon neman jini a Kano da ƙarfe biyun dare ya san abin da nake nufi.

In kuma duk kin yi wannan ya kafe a kan cewa magana ta ƙare, kada ki zauna. Ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ki roƙi nas ta rubuta masa a katinki ko ta yi masa magana a waya, sukan yi. Awonki da shan maganinki ba abin da za a jingine ba ne har sai kowa ya gamsu.

Kada ki jira ranar da aka rubuta miki in da sauran kwanaki, ki koma a makon nan da takardun biyu. Ki gaya wa nas gaskiya, kin daina sha, ga dalili, ga kwanakin da kika yi. Ta yiwu ta yi faɗa, wasunsu bakinsu da zafi saboda layin da ke gabansu, amma faɗan minti biyu ne. In kika ɓoye, za su ga jini bai motsa ba su ɗauka maganin ne ya ƙi aiki, a shiga neman wani ciwon da babu shi. Ki faɗi zancen farar ƙasar ma. Ki nemi ganin likita, ki tambaya ko za a yi miki cikakken gwajin jini na inji. A wannan takardar za ki ga wani layi an rubuta MCV, girman jajayen ƙwayoyin ke nan: in ya gaza 80 yawanci ƙarancin ayon ne, in ya haura 100 akan duba folik asid da bitamin B12. Akwai kuma gwajin feritin da ke nuna ajiyar ayon a jiki, in da hali. Ki tambaya a gwada ki zazzaɓin cizon sauro, ki tabbatar ana ba ki ƙwayoyin nan uku na rigakafinsa da ake sha a gaban nas wata wata tun daga wata na huɗu, ki tambayi maganin tsutsar ciki, ki kuma san rukunin jininki. Gidan sauro kowane dare, ko ana zafi. Bayan mako uku ko huɗu a sake gwaji, a wuri ɗaya da na farko, ki kuma duba ko Hb aka rubuta ko PCV kafin ki kwatanta.

In an sake gwajin lambar ba ta motsa ba, ko cikinki ya ƙi karɓar ƙwayoyin sam, akwai ayon da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Ana samunsa a manyan asibitoci, yana da tsada, amma yana cike ajiyar jiki da sauri, kuma ya fi a kai ga ledar jini. Ki tambayi likita tun da wuri don maigida ya san abin da zai tanada.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In numfashi ya fara yi miki wuya kina zaune ko kina kwance, ko ƙirji ya riƙe, ko kika suma, ko kika ga jini, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko idonki ya yi rawaya, ko fuska da hannu suka kumbura, ko motsin ɗan ya ragu, a nemi adaidaita a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kafin nan a rage miki aiki. Ƙanwar mijin nan da ke da bakin magana tana da hannun shara da wanki.

Haihuwar nan kuma a asibiti za a yi ta, a wanda ke da ma'ajiyar jini, ko da na baya a gida kika haife su lafiya. A birni muna da Asibitin Murtala, da na Nasarawa, da na Malam Aminu Kano, ki tambayi masu awonki inda ya fi dacewa da ke. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ya zuba maimakon kintace, da ya kai iyaka a haɗa mata magungunan a lokaci ɗaya. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Irin wannan kulawar ba ta samuwa a ɗaki, komai ƙwarewar ungozoma.

Bayan kin sauka kada ki yar da ƙwayoyin, akan ci gaba da sha har wata uku don ajiyar jiki ta cika, a kuma sake gwaji wajen arba'in. Ki yi hattara da kunun kanwa mai yawa da wankan jego mai tsananin zafi, domin likitoci a Zariya sun daɗe suna danganta su da ciwon zuciyar masu jego, taki zuciyar kuwa ta riga ta yi aikin da ya fi nata. Zancen tazarar haihuwa shi ma ku fara shi da maigida tun yanzu, kafin hidimar suna ta ɗauke hankali. Shawarar masana ita ce a samu shekara biyu kafin wani cikin ya shiga, kuma a wurin awon akwai masu bayanin hanyoyin da suka dace da mai shayarwa. In an yi gwaji na gaba ki rubuto min lambar, tare da haruffan da ke gefenta. Allah ya raba ku lafiya.